Bikin Ikko, Gardamar Boɗinga da Shagari

Mu mutanen wannan yanki, tun daga Boɗinga har Shagari, ba mu iya kallon fim da baki a rufe ba. Ko a waya aka kunna ko a talabijin, sai mun kutsa cikin labarin da ƙafafunmu: mu yi wa wannan faɗa, mu ba waccan shawara, mu tsine wa mugu, mu yi wa marainiya addu'a. In fim ɗin na faɗa ne, da an gama kowa zai kakkaɓe rigarsa ya kama gabansa. In kuwa na biki ne, to an buɗe gardamar da za ta yi mako ba ta mutu ba, domin babu gidan da ba a taɓa fitar da amarya ko shigo da ita ba, kuma kowa yana da abin da ke ci masa rai tun daga wancan lokaci.

Fim ɗin da na ga ya fi tayar mana da irin wannan ƙura na mutanen Ikko ne, wato Legas, The Wedding Party, wanda Kemi Adetiba ta ba da umarninsa. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a ƙasar Kanada cikin Satumbar 2016, ya shiga gidajen sinima na Najeriya a Disambar shekarar, ya tara sama da naira miliyan 450, kuɗin da babu fim ɗin ƙasar nan da ya taɓa tarawa kafin shi. Mu nan ba sinima gare mu ba, gidajen kallonmu ma na ƙwallo ne. Ta hanyar da komai ke iso mana ya iso: shagon caji, yaron da ke tura fina-finai, sannan daga wannan waya zuwa waccan. Har yanzu in lokacin bukukuwa ya kama, bayan kaka ko gab da azumi, sai wani ya tono shi, a sake zama a kansa sabo fil.

Labarin duk a yini ɗaya ya faru. Dunni, ɗiyar Yarbawa, ita kaɗai iyayenta suka haifa, za ta auri Dozie, ɗan wani attajirin Ibo. Adesua Etomi ce amarya, mawaƙin nan Banky W shi ne ango. Yaran suna son junansu, ba su da matsala. Matsalar tana wajen manya: uwar ango tana ganin ɗanta ya yi ƙasa da kansa, uwar amarya kuma ta rantse ba za a raina ta a bikin ɗiyarta ba. Ga tsohuwar budurwar ango tana kewaya wurin da mugun nufi, ga babban aboki marar kan gado, ga wata baiwar Allah da aka ɗauka ta tsara bikin tana ta gudu tsakanin ɓangarorin biyu har tana neman zaucewa.

Da Turanci aka yi shi, da ɗan Yarbanci da Ibo, saboda haka kallonsa a cikin gida sai da tafinta. Na ga yadda ake yi a gidan surukaina a Shagari. An jingina waya da fulas ɗin shayi a kan tabarma bayan isha'i, mata sun kewaye ta, na baya sun durƙusa suna leƙe ta kafaɗun na gaba, an zaunar da wata 'yar sakandare a tsakiya ita ce mai fassara. Kafin a gama jimla ɗaya a fim an tambaye ta sau uku: "Mi tac ce? Ke, mi tac ce?" Yarinyar kuwa ba ta tsaya ga abin da aka faɗa ba, tana ƙara gishiri da yaji, tana mayar da baƙar maganar Legas habaicin Sakkwatawa. In uwar amarya ta ɓarke da Yarbanci, tafinta sai ta yi shiru don ita ma ba ta ji, amma babu mai neman fassara a nan. Ido da hannu da kaɗa gwaggwaro sun isar da saƙon.

Wannan uwar amarya, wadda Sola Sobowale ta fito a matsayinta, ita ce ta sace zukatan matanmu. Mace ce mai hayaniya, mai son a san da ita, ga rawa, ga addu'a, ga saurin hawa da saurin sauka. "Wagga tamu ta," haka za ka ji ana faɗa, kuma nan take kowa ta kama sunan wata gwaggo ko wata inna a danginta da ta yi kama da ita. Kowane dangi yana da irinta: wadda tun ana saura wata guda take rabon goro da kanta, ta san wanda ya zo da wanda bai zo ba, ta yi faɗa da masu girki da safe ta rungume su da yamma. Muna gajiya da ita, amma ranar da ba ta nan kowa yana jin bikin ya yi sanyi. A majalisar maza ma ta samu masoya. Bagobirin da ke cikinmu cewa ya yi kowa ya janye bakinsa daga kanta, Yarbawa taubasansa ne, shi kaɗai ke da izinin yi musu tsiya, kuma ya yi ta yi har aka tashi.

Uwar ango ita ce ta sha zagi. Ireti Doyle, wadda ta fito a matsayinta, ta iya ɗaure fuska, ta iya kallon mutum daga sama har ƙasa ba tare da ta ce uffan ba, kuma matanmu sun san wannan kallo sarai. An kira ta mai girman kai, an kira ta muguwar suruka, an tausaya wa amaryar da za ta zauna ƙarƙashinta. Tsofaffi ne kawai suka ja birki. Cewa suke yi mace ba ta ɗaure fuska haka a bikin ɗanta a banza, a bincika zamanta da mijinta. Da aka kai ƙarshe kuwa maganarsu ta fito, domin ashe mijin, wanda Richard Mofe-Damijo ya fito a matsayinsa, ya daɗe yana gasa ta da neman matan waje, ita kuma tana haɗiyewa don kada duniya ta ji. Daga nan zagin ya ragu, wasu ma suka koma ba ta haƙuri ta cikin waya.

Ni dai a kan wannan mata na fi son mu tsaya, saboda laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mun yi mata ca don ta raina gidan da ɗanta ya nemo aure. To mu fa? Yaro zai zo da karatunsa da sana'arsa, ana ganinsa a sahun farko a masallaci, yarinya tana son sa, sai a koma ɗaki a fara tambayar ɗan wane gida ne. A tono kakansa, a ce ai mahauta ne, ko wanzamai, ko maƙera, ko masu kiɗa, alhali naman da muke ci da askin da muke yi da garmar da muke noma da ita duk daga hannunsu suke fitowa. Wani gidan kuma an riga an ajiye yarinya don ɗan baffanta tun tana goye, ba a tambaye ta ba. Binciken hali da addini wajibi ne, babu uban kirki da zai ba da ɗiyarsa ido rufe. Amma raina mutum don sana'ar kakansa shi ne dai abin da muka tsine wa matar nan a kansa, bambancin kawai ita ta nuna a fuska, mu kuma muna yi a bayan labule.

Inda dariya ta fi yawa shi ne wajen abinci. Ɓangaren ango sun kawo abincin Turawa mai tsada, ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti, uwar amarya kuwa ta kira mai tuwonta ta gargajiya da amala da miya, sai ga manyan baƙi da manyan riguna suna ture na Turawan suna miƙa hannu a zuba musu na gida. Nan mata suka yi ta tafawa, don sun ga abin da suka daɗe suna faɗa. Yanzu yaranmu sun koyi kama zauren taro a cikin Sakkwato a yi dina, a kwashi mutane a mota daga nan, a miƙa wa kowa 'yar roba da soyayyiyar shinkafa da guntun kaza da lemon kwalba. Ana dawowa gida cikin dare kowa zai nufi madafi yana tambayar ko akwai sauran tuwo. Abincin da ake tunawa da shi bayan shekaru shi ne wanda maƙwabta suka kwana suna yi: masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, fura da nono mai kauri, ga alkaki da nakiya da dubulan da aka yi kwanaki ana tuyawa. A bakin waɗannan murahu ake shirya waɗanda suka yi shekara ba sa ga maciji, don ba yadda za a yi ku tuƙa tukunya ɗaya tun asuba ba ku yi magana ba.

Haka nan rigimar da suka yi a ƙofar zauren biki, kan dangin da za su fara shiga da rawa. Maza a majalisa suka ce wannan ai shirme ne, manya da su suna jayayya a kan shiga ɗaki. Suna faɗin haka ne a zaune a ƙarƙashin bishiya, sun manta da abin da ke faruwa a gidajensu ranar kai amarya. Wace gwaggo za ta shiga motar farko ta riƙe amarya? Dangin uwa ne za su yi jere ko dangin uba? Wa aka fara kai wa goron sa rana? Wa aka taka har gida aka gaya masa, wa aka aika wa yaro? Akwai zumuncin da ya yi rauni shekara da shekaru a kan kalma ɗaya: "Ba a hwaɗa min ba, ga gari nij ji." Su ma mazan ba su tsira ba, don an san yadda fuska ke canzawa in aka ba wani waliccin da wani yake ganin shi ya fi cancanta. Abin da ke ƙarƙashin duk wannan ba mugun abu ba ne. Kowa so yake a nuna yana da muhimmanci a ranar da dangi suka taru, kuma wanda ya iya biki shi ne wanda ya san yadda zai ba kowa wani ɗan aiki da zai riƙe ya ji da shi aka yi.

'Yan mata da wani ido suke kallon fim ɗin. Su tsayar da shi suke yi, su ɗauki hoton ɗinki da ɗaurin kai da kwalliya, washegari a kai wa tela a ce irin wannan ake so, sai dai a ƙara hannu, a rufe ƙirji, a sauke tsawo. Telolinmu sun sha wannan aiki, kuma su za su gaya maka yadda ankon biki ɗaya yanzu ya zama kala biyu ko uku, na kamu daban, na yini daban, na dina daban. Yarinyar da ba ta yi anko ba tana jin kunyar zuwa bikin ƙawarta, uban da ba shi da shi kuma yana jin kunyar cewa babu. Samari kuwa babban aboki suka sa a gaba. Shi ne ya yi sakaci aka haska bidiyon shagalin da suka yi wa ango a daren jajibiri a gaban surukai da baƙi. Duk wanda ya taɓa zama babban aboki a nan ya san nauyin abin: kai ne mai karɓar baƙi, kai ne mai neman motoci, kai ne mai ciniki da ƙawayen amarya wajen sayen baki, kuma sirrin ango yana aljihunka. Sun yanke hukunci baki ɗaya cewa ba kowane abokin hira ake ba wannan matsayi ba.

Akwai wuraren da kunya ke sa a kifa wayar. In an zo inda amarya ta tsinci wani abin mata a aljihun ango, ko wurin wancan bidiyon, sai tafinta ta kama tari, wata ta tura gaba da sauri, in kuwa sallamar maigida aka ji to an kashe ke nan sai ya wuce. Bayan nan ne gardama mafi zafi take tashi, domin amarya ta fice daga wurin biki cikin fushi, ta tafi bakin teku ita kaɗai da kayan amarcinta. Tsofaffi suka riƙe baki: yaji tun ranar farko? Amaryar da mu muka sani tana lulluɓe, tana kuka, ana riƙe da ita, ana yi mata nasiha da yi na yi bari na bari. Matasan mata suka ce a'a, Inna, an kunyata ta a gaban duniya, tana da haƙƙin ta ji gaskiya daga bakinsa kafin ta shiga gidansa. Babu wanda ya kayar da wani a wannan gardama. Abin da ɓangarorin biyu suka yaba shi ne ango bai tura kowa ba. Da ƙafarsa ya je biko, ya same ta, ya yi mata bayani, ya ba ta haƙuri. Na ji matan aure da yawa sun nanata wannan wuri, kuma na san ba don fim ɗin kaɗai suke nanatawa ba.

Malamanmu da dattawa da dama ba su yarda a kalle shi ba sam, kuma hujjarsu a fili take: cakuɗuwar maza da mata, sutura da ba ta rufe jiki ba, giya, rawa a gaban surukai. Suna cewa yaro abin da ya gani yake kwaikwayo, kuma dinar da ta shigo mana ai ba daga sama ta faɗo ba. In sun yi zafi sai su tuna mana a ina muke zaune: Sifawa tana nan cikin ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga ya zauna a wancan zamani. Garuruwan da suka ga wannan, in ji su, bai kamata su koyi biki daga Ikko ba. Ban ga abin musu a nan ba. Sai dai masu kare fim ɗin suna nuna abu guda da ke cikinsa: saurayin da budurwar sun yi alkawarin kame kansu har sai an ɗaura, kuma a kan wannan amana rigimar tasu ta tsaya. Wannan tarbiyya ce da kowane malami zai sa wa hannu.

Iyayenmu mata da suka tashi da fina-finan Indiya suna da nasu ma'aunin. A wurinsu babu fim ɗin biki da ya kama ƙafar Hum Aapke Hain Koun na 1994, na Salman Khan da Madhuri Dixit, mai waƙoƙi 14, inda ƙannen amarya ke ɓoye takalman ango sai an biya su, inda kuma bayan rasuwar yaya dangi suka yanke shawarar a ba mijinta ƙanwarta don ta riƙe jaririn. Sun ce a can akwai kunya, akwai girmama manya, kuma maye gurbin yaya da ƙanwa abu ne da suka gani da idonsu a gidajenmu. Masu son na Kano su ma ba a bar su a baya ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa Gidan Badamasi da Falalu Ɗorayi ya kawo a tashar Arewa24, da wuya ka ga labarin Kannywood da ba aure ne ƙashin bayansa ba, kuma tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 an san iyakar da ba a tsallakewa, don haka ana iya kallo da yara da surukai ba a kifa waya ba. Abin da na lura shi ne namu sun fi tsayawa kan neman aure da kishi da zaman gida. Ita ranar bikin kanta, da kuɗin da ta ci da fuskokin da aka shafa wa mai don a rufe asiri, na Legas ɗin ne ya buɗe ta tun daga safe har dare.

Wurin da ya fi taɓa ni yana kusa da ƙarshe. Wani matashi mai digiri da ya rasa aikin yi ya shiga ɗakin da aka tara kyaututtuka da bindiga, ya ritsa da iyayen ango da na amarya. A nan, da tsoron mutuwa a gabansa, uban amarya, wanda ɗan barkwancin nan Ali Baba ya fito a matsayinsa, ya buɗe baki ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba: dukiyarsa ta karye, duk wannan shagali ƙarfin hali ne kawai. A majalisa, in an zo nan, masu 'ya'ya mata ba sa dariya. Kowa ya san wani, in ma ba shi ne da kansa ba, da ya sayar da san nomansa, ko ya fitar da albasarsa tun tana arha bai jira ta yi kuɗi ba, ko ya jinginar da gonar gado, don a cika ɗaki da gado da katifa da kujeru da sif da kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ranar jere mata za su shigo suna ƙirga kaya da ido, su fita su kai rahoto, uban yana zaure yana amsa barka da arziki, cikinsa kuwa ya ɗuri ruwa don ya san ranar da mai bashi zai yi sallama. Bayan wannan ga gara tana jiran sa.

Ɓangaren ango ma haka. Sadakin da addini ya wajabta mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma ko da farashin zinariya ya tashi, shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da ake kashewa. Lefe ne ke karya saurayi: akwatuna saiti, atamfa da leshi da shadda, takalma da jakunkuna, kayan shafa, sannan a buɗe a gaban mata a ɗaga ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa samarinmu ke tafiya cirani Legas da Fatakwal su yi shekaru, wasu suna dakon albasa a kasuwar Mile 12, wasu suna acaɓa, yarinyar tana jira har wani mai kuɗi ya riga su. Gwamnati ta ga wannan. A 2023, a ƙarshen mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an yi dokar rage almubazzaranci a bukukuwan aure da suna a jiharmu ta Sakkwato. Liƙin kuɗi da muke yi wa makaɗa da amare ma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana shi, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. Amma doka ba ta shiga ɗakin jere. Abin da ke tura mu ba ɗan sanda ke maganinsa ba, tsoron bakin mutane ne, kuma mutanen nan mu ne.

Ba ina cewa a kashe biki ba ne, Allah ya kiyaye. Bikinmu yana da abin da kuɗi ba sa saye. Gudummawar da mata ke kai wa juna, wadda ake riƙewa a ka ko a rubuta a littafi don a mayar da fiye da ita ranar da ta wancan ta taso, ita ce asusun da ya aurar da 'ya'yan talakawa tun kaka da kakanni. Abokan ango suna haɗa nasu, maƙwabci yana ba da ɗakinsa a sauki baƙi, mai mota yana ba da motarsa ya zuba mai da kansa, dangi suna tasowa daga Yabo da Kajiji da Dandin Mahe da Tambuwal su kwana a tabarma ba su yi ƙorafi ba. Guɗar da ake rangaɗawa in an fito da amarya, da hawayen uwa, da addu'ar da liman ke yi bayan an shafa fatiha, babu wanda yake so a rasa su. Nauyin da muka ɗora a kan wannan kyakkyawan abu ne ya yi yawa, har ya zama ana gama biki amarya da ango su fara zama a kan bashi, iyaye kuma su shiga damina ba abin noma.

Masu fim ɗin sun yi na biyu a 2017, suka kwashi bikin suka kai Dubai, amma a nan bai samu bakin da na farko ya samu ba. Mutane cewa suka yi wannan kuma ya fi ƙarfinmu, ba mu ga kanmu a ciki ba. Abin da ya fi faranta wa matanmu rai shi ne labarin da ya zo cewa amarya da angon fim ɗin sun yi aure na gaskiya a Nuwambar 2017. An yi ta sa musu albarka kamar 'ya'yan unguwa, ana cewa dama an ga alama tun daga yadda yake kallon ta.

Abin da nake roƙon mu da shi ɗaya ne, kuma ba ya bukatar doka ko kuɗi. Uban amaryar fim sai da aka nuna masa bindiga ya faɗi gaskiyar aljihunsa. Mu muna da wurin da ya fi wannan daraja: ranar sa rana, lokacin da dattawan gida biyu suka zauna a zaure, goro da alewa a tsakiya. A nan ya kamata wani babba ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ga abin da muka iyawa, ku ma ku yi daidai ƙarfinku, kada kowa shi ci bashi saboda mu." Daidai ruwa daidai tsaki. In gidan amarya suka ce akwati biyu ya wadatar, gidan ango suka ce gado da katifa da tukwane sun isa, sauran a taimaka wa yaran da jari, to gwaggo mai ƙirga kwanuka za ta yi maganarta ta kwana biyu ta gaji. Iyaye mata su ne za su fi iya wannan, don su ke buɗe lefe, su ke yin jere, kuma in suka ce ya yi, babu namijin da zai ce bai yi ba. Gida ɗaya mai mutunci in ya fara a unguwa, na kusa da shi zai samu ƙafar bi. Masu shirin aurarwa bana, Allah ya hore muku, ya rufa asiri, ya ba yaran zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.